Ƙa'idojin Hawa Da Sauka A Tashoshin Jiragen Ƙasa Masu Dogon Zango

Garin Potiskum na jihar Yobe ya yi suna da kasuwar shanu da kuma manyan motocin dakon kaya, amma layin dogo bai taɓa ratsa shi ba. Duk da haka 'yan kasuwa da ɗalibai da ma'aikata daga garin suna shiga jirgin ƙasa a wasu wurare, musamman tsakanin Kaduna da Abuja, bayan sun yi doguwar tafiya a mota ta hanyar Azare da Kano. Ga matafiyi irin wannan, rashin sanin inda aka halatta hawa da inda aka halatta sauka yana iya jawo asarar kuɗin tikiti, ko kwana a garin da bai yi niyya ba, ko ma rasa rai.

Layukan dogo da suka shafi Yobe

Layuka biyu ne suka shiga jihar Yobe, dukkansu na tsohon ƙaramin ma'auni mai faɗin milimita 1,067. Na farko shi ne wanda ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori ya tuƙe a Nguru, wanda aka kammala a shekarar 1930. Na biyu shi ne wanda aka shimfiɗa tsakanin 1958 da 1964 daga Kuru, kusa da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe da Buni Yadi har Maiduguri. Lalacewar layi da rikicin Boko Haram sun tsayar da zirga-zirga a wannan na biyu shekaru da dama.

A watan Maris na 2021 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin gyara layin Fatakwal zuwa Maiduguri, kuma tsarin aikin ya ƙunshi reshe zuwa Damaturu, mai nisan kusan kilomita 100 daga Potiskum. Haka kuma gyaran tsarin mulki na watan Maris na 2023 ya bai wa jihohi damar shiga harkar jiragen ƙasa, wadda a da take hannun gwamnatin tarayya ita kaɗai.

Ire-iren tsayawar jirgi

Tsayuwar jirgi a tasha ba ta nufin kowa yana da izinin hawa ko sauka. Hukumomin jiragen ƙasa a duniya suna rarrabe tsayawa kamar haka.

Akwai cikakkiyar tsayawa, inda ake ɗauka kuma ake saukewa. Akwai tsayawar ɗauka kaɗai, wadda galibi ake yi a tashoshin da ke kusa da mafarin tafiya. A nan ba a sayar da tikitin sauka. Akwai tsayawar saukewa kaɗai, wadda ake yi idan jirgi ya kusa ƙarshen zangonsa. Akwai tsayawar buƙata, inda jirgi zai wuce abinsa sai idan an sanar tun da wuri cewa akwai mai hawa ko mai sauka. Ta ƙarshe ita ce tsayawar aiki, wato domin shan mai, ko canjin direba, ko jiran wani jirgi ya wuce. A wannan ba a buɗe ƙofa ga fasinja.

A Birtaniya jadawalin jirage yana nuna wannan da ƙananan haruffa: “u” na nufin ɗauka kaɗai, “s” kuma saukewa kaɗai. Fitaccen misali shi ne tashar Watford Junction da ke kusa da Landan, inda jiragen dogon zango masu zuwa arewa suke ɗauka kawai, masu dawowa kuma suke saukewa kawai. A Amurka kamfanin Amtrak ya yi amfani da “R” da “D” don wannan manufa, kuma jiragensa masu zuwa jihohin kudu sun daɗe suna bin wannan ƙa'ida tsakanin New York da Washington.

Dalilan taƙaitawar

Dalili na farko shi ne kare kujerun masu nisa. Idan aka bar mai tafiyar minti 20 ya sayi kujera a jirgin da zai yi yini yana tafiya, to an hana mai zuwa ƙarshen zango, sannan kujerar za ta yi sauran tafiyar babu kowa. Shi ya sa ake tura masu gajeren zango zuwa jiragen da aka tanadar musu.

Na biyu shi ne lokaci. Kowace tsayawa tana cin mintuna wajen rage gudu, da hawa da sauka, da sake ɗaukar gudu. Jirgin da ya tsaya domin saukewa kaɗai yana iya tashi da zarar fasinja na ƙarshe ya sauka, ko da ya iso kafin lokacin da aka rubuta.

Na uku shi ne yanayin layin. Yawancin layukan Najeriya tilo ne, har da na Abuja zuwa Kaduna. Jirage biyu masu fuskantar juna ba sa wucewa sai a wurin da aka yi ɗan reshen kaucewa, don haka ɗaya zai tsaya ya jira ɗaya. Irin wannan wuri sau da yawa ba shi da dandamali, kuma wanda ya dira a can yana iya faɗawa gaban jirgin da ake jira.

Na huɗu shi ne tsaro. Tashar da ba ta da shinge da jami'an bincike, duk wanda ya hau a cikinta ya shiga ne ba a san shi ba, ba a kuma duba kayansa ba.

Yadda abin yake a Najeriya

Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, NRC, wadda aka kafa a 1955, ita ce ke tafiyar da jiragen fasinja na tsakanin jihohi. A tsohon layin Legas zuwa Kano mai tsawon kilomita 1,126, wanda aka farfaɗo da jigilarsa a watan Disamba na 2012, a wancan lokaci tafiya tana wuce sa'o'i 30, jirgi yana yada zango a manyan tashoshi irin su Ibadan da Ilorin da Minna da Kaduna da Zariya.

Sababbin layuka masu faɗin milimita 1,435 sun zo da tsari mai tsauri. An buɗe na Abuja zuwa Kaduna, mai kilomita 186, a watan Yuli na 2016. Na Warri zuwa Itakpe a watan Satumba na 2020. Na Legas zuwa Ibadan a watan Yuni na 2021. A layin Abuja zuwa Kaduna akwai ƙananan tashoshi kamar Jere da Rijana, amma akasarin fasinjoji a Idu da Kubwa da Rigasa suke hawa suke sauka. An fara sayar da tikiti ta intanet a wannan layi a watan Janairu na 2021, kuma tikitin yana ɗauke da sunan mai shi da lambar tarago da ta kujera.

Harin da aka kai wa jirgin a ranar 28 ga Maris, 2022, a yankin Katari, inda aka kashe wasu fasinjoji aka sace wasu da dama, ya sa aka dakatar da jigila har zuwa 5 ga Disamba na shekarar. Da aka dawo, sai aka wajabta gabatar da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, kafin sayen tikiti. Sace fasinjoji da aka yi a tashar Igueben ta jihar Edo a ranar 7 ga Janairu, 2023, suna cikin jiran jirgin Warri, ya ƙara nuna haɗarin da ke tattare da ƙananan tashoshin da ba su da isasshen tsaro.

Abubuwan da aka haramta

An hana hawa ko dira yayin da jirgi ke tafiya, komai sannu-sannunsa. An hana zama a kan rufi ko maƙalewa a ƙofa da tsakanin taragu, ɗabi'ar da ta yi ƙamari a jiragen unguwannin Legas har jami'an tsaro suka riƙa kama masu yin ta. Jirgin ƙasa yana da nauyi ƙwarai, kuma idan yana gudu sai ya ci ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya bayan an taka birki, saboda haka direba ba shi da yadda zai yi da wanda ya zame.

Wasu ƙasashe sun tanadi hukunci na musamman ga mai tsayar da jirgi don ya sauka kusa da gida. A Indiya, sashe na 141 na dokar jiragen ƙasa ta 1989 ya tanadi tarar da za ta iya kai rupi 1,000, ko ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko duka biyun, ga wanda ya ja sarƙar gaggawa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba.

Abin da ya kamata matafiyi ya kiyaye

Matambayi ba ya ɓata. Kafin biyan kuɗi, ya dace matafiyi ya tabbatar cewa jirgin da ya zaɓa yana sauke fasinja a tashar da yake nufi, domin jirage biyu a layi ɗaya suna iya bambanta wajen tsayawa. Ya sayi tikiti da sunansa, ya riƙe katin shaidarsa, ya guji 'yan sojan gona masu sayar da tikiti a bakin tasha. Wanda ya taso daga Potiskum ko Damaturu ya bar wa kansa isasshen lokaci a hanya, domin ana bincike kafin shiga, kuma ana rufe ƙofa kafin jirgi ya tashi. Idan jirgi ya tsaya a inda babu dandamali, fasinja ya zauna a kujerarsa har sai ma'aikatan jirgin sun yi sanarwa.