Coci-cocin Alƙahira: Ado Yana Daga Ciki

'Yar uwa, in aka ce miki Alƙahira, na san Azhar ce za ta fara faɗo miki a rai, sai dalar Fir'auna, sai kogin Nilu. To amma a birnin nan mai hasumiya dubu akwai wasu gine-gine da ba kasafai ake ba mu labarinsu ba, wato coci-cocin Kibɗawa, Kiristocin Masar. Kada sunan ya zame miki baƙo, ai su ne dangin Nana Mariyatul Kibɗiyya, mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW). Suna ƙasar tun kafin Musulunci ya shigo ta, yau ma suna nan.

Mu fara da unguwar da ake kira Tsohuwar Masar, a kudancin birnin. A nan Rumawa suka gina wata ƙatuwar ganuwa a bakin Nilu mai suna Babila. Ita ce Amru ɗan Asi ya yi wa ƙawanya har ya ci ta a shekarar 641, sannan ya gina masallacinsa a gefenta, masallaci na farko a ƙasar Masar. Daga ƙofar masallacin zuwa coci-cocin tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, ko da goyo a bayanki.

Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Mu'allaƙa, wato Ratayayya. Kin san dalilin sunan? Ba a ƙasa aka kafa ta ba, a kan ƙofar ganuwar Rumawan aka ɗora ta, ƙarƙashinta fayau. Sai kin taka matakala 29 kafin ki kai bakin ƙofa. A ƙarni na 11 shugaban Kibɗawa ya baro Iskandariyya ya dawo Alƙahira da zama, wannan coci ta zama mazauninsa shekaru aru-aru.

Abin da ya fi ɗaure mini kai da yawancin tsofaffin coci-cocin nan shi ne daga waje ba su da wani fasali. Lungu ne siriri, sai bango, sai 'yar ƙofa, kina iya wucewa ki ɗauka gidan wani dattijo ne. Kamar dai gidajenmu na cikin birni, zaure ba ya nuna komai, sai kin shiga ɗakin amarya ki ga jere. Sai dai su ba kunya ce ta sa suka ɓoye ba, zaman duniya ne ya koya musu. Wani sarki ya zo ya kyautata musu, wani ya zo ya matsa. Halifa Alhakim na Faɗimawa, wanda ya yi mulki daga 996 zuwa 1021, ya sa an rushe coci-coci da yawa, can a ƙarshen zamaninsa kuma ya ce a sake ginawa. Wanda ya ga irin wannan, ai dole ya iya tauna ya ɓoye. Sai suka kwashe ado kaf suka kai ciki.

Ciki kuwa, wallahi sai wadda ta gani. Rufin Mu'allaƙa na katako ne, an lanƙwasa shi kamar jirgin ruwa da aka kife, sun ce don tunawa da jirgin Annabi Nuhu. Mumbarinta na marmara ne, yana tsaye a kan wasu siraran ginshiƙai, ɗaya daga ciki baƙi, wai shi ne Yahuza, almajirin da suka ce ya ci amana. Daga gaba akwai shamaki na katako da ya raba jama'a da wurin da liman yake tsayawa. Nan ne aikin yake. An yanka baƙin katako ƙanana-ƙanana, an cusa masa hauren giwa, an harhaɗa ya zama taurari, tauraro na shiga cikin tauraro har ido ya gaji bai ga inda zanen ya ƙare ba. In kika je masallatan Mamluka na birnin kika dubi mumbarinsu, irin aikin ne sak, sai dai a nan akwai ɗan gicciye a tsakiyar tauraron. Gari ɗaya, kasuwa ɗaya, masassaƙa kuwa ba sa ɓoye wa juna hannu. Ba gumaka suke ajiyewa ba, hotuna ne na fenti a kan allo, fuskoki masu dara-daran idanu, hayaƙin lubban ya dusashe su. Maza suna zama gefe guda, mata gefe guda, da yawansu da ɗankwali a ka. Addu'a kuma da Larabci da tsohon harshen Kibɗanci.

Kusa da ita akwai Abu Sarga. A ƙarƙashinta akwai wani ɗan ɗaki kamar kogo, wanda Kibɗawa suka yi imani nan Nana Maryamu ta fake da jaririnta Annabi Isa lokacin da suka gudo Masar. Duk ranar 1 ga Yuni suna bikin tunawa da zuwan nasu. A da in Nilu ya kawo, ruwa har cikin ɗakin yake tsattsafowa.

Sai a ƙarni na 20 cocin Kibɗawa ta fito fili ta miƙe. A 1968 aka buɗe babbar cocin Markus a unguwar Abbasiyya, gini na kankare mai tsayi da doguwar hasumiya, Shugaba Jamal Abdul Nasir da Sarki Haile Selassie na Habasha duk suna wurin. A ɗaya gefen garin kuma, a gindin dutsen Muƙaɗɗam inda aka tare masu kwashe sharar birnin, talakawa ne suka fara tasu a shekarun 1970. Suka shiga cikin dutsen, aka fafe shi ya zama cocin Sam'anu Majemi, wadda take cin dubban mutane a zama guda. Kafin ki isa sai kin ratsa ta cikin buhunan shara.

Fitowa filin ma ba ta zo a banza ba. A jikin babbar cocin Abbasiyya akwai wata ƙarama, Buɗurusiyya, wadda iyalan Buɗurus Gali suka gina a 1911, shekara guda bayan an harbe shi yana firayim minista. Ranar Lahadi 11 ga Disamba 2016, ana tsakiyar ibada, wani ya shigo da bam a jikinsa ya nufi ɓangaren mata. Mutum 29 suka rasu, kusan dukkansu mata ne da 'yan mata. Cikin 'yan makonni sojoji suka gyara rufi da bango, aka ci gaba da ibada. Ginshiƙan marmara na gefen matan kuwa ba a shafe su ba, an bar su da ramukan da ƙarfe ya huda.