Lamiforten: Sunan da Ya Ƙi Bin Gari

Mai karatu, in ka zauna da dattawan Injamena, za ka ji wani ya ce shi Lamiforten ne. Bari mu duba inda wannan suna ya samo asali.

Ranar 22 ga Afrilu 1900, sojojin Faransa suka gwabza da Rabe a Kusuri, inda kogin Logon ya haɗu da Shari. Rabe ya mutu a wannan yaƙi. Haka ma Kwamanda Lami, shugaban rundunar Faransa, wanda ya ƙetaro Sahara ya biyo ta Agadas da Damagaram. A watan Mayu na wannan shekara, Emil Janti ya kafa sansani a ɗaya gaɓar kogin, ya sa masa suna Fort-Lamy, wato sansanin Lami. Da sansani ya zama gari, sai a harshen Faransanci aka juya sunan, aka sa Lami a gaba, aka kira mazaunansa Lamiforten.

A 1973 Shugaba Tombalbay ya kawar da sunan Bature, ya ɗauko na wani ƙauyen Larabawa da ke kusa, Injamena, ma'ana wurin hutawa. Takardun hukuma suka sake nan da nan, amma baki bai sake ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Muna cewa Zariya, amma mutuminta Bazazzagi ne. Garin da Turawa suka sani da Zinder, mutanensa Damagarawa ne.

A yau kowane mazaunin birnin ɗan Injamena ne. Lamiforten kuwa ya zama sunan wanda iyayensa suka daɗe a tsofaffin unguwanni kamar Bololo da Jambal Bahar. Wani yakan faɗe shi don tuna zumuncin dā. Wani kuma yakan faɗe shi don ya nuna wa maƙwabcinsa cewa shi baƙo ne.

A nan ne ya kamata mu yi hankali. Su wa suka cika garin? Kotoko, da Larabawa, da Barebari, da Sara daga kudu, da Hausawa fatake da maniyyata waɗanda suka yada zango a hanyar Makka, suka zauna. Yawancinsu zuwa suka yi. Wanda kakansa ya sami masauki a nan, bai kamata ya hana wani tabarma ba.