Ɗinkin Kibɗawa: Tarihin Sarƙar Zare a Bayan Littafi

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin da aka ɗinka da hannu, mai bangon katako ko kwali mai kauri, wanda zare ya jeru a gadon bayansa kamar kitso, to ya ga abin da ake kira ɗinkin Kibɗawa. Sunan ya samo asali ne daga Kiristocin Masar. Sai dai manazarci ya yi hattara, domin abin da masu sana'a ke kira da wannan suna a yau ya sha bamban da abin da aka tono a Masar ɗin kanta.

Kafin littafi mai shafuka ya kankama, naɗaɗɗen littafi ake amfani da shi, ana warware shi kamar tabarma. Galibi gefe ɗaya ake rubutu, kuma mai neman wata gaɓa a tsakiya sai ya warware rabin naɗin. Kiristocin farko sun fifita littafi mai shafuka tun ƙarni na 2 na Miladiyya, kuma busasshiyar ƙasar Masar ce ta adana mafi yawan shaidun hakan.

A watan Disamba na 1945, wasu manoma da ke haƙar taki kusa da garin Naga Hammadi a kudancin Masar suka ci karo da wani tulu a rufe. A cikinsa akwai littattafai 13 na fafirus, wato takardar da ake yi da wata ciyawar bakin kogin Nilu, an rubuta su da harshen Kibɗanci. Bangayensu na fata ne, an ƙarfafa su da tsofaffin takardu da aka manna wuri guda. A bangon littafi na 7 an sami takardun ciniki masu ɗauke da shekarun 341 da 346 da 348, abin da ya tabbatar da cewa ba a haɗa shi kafin tsakiyar ƙarni na 4 ba. Abin lura a nan shi ne, waɗannan littattafai da ake yawan kafa hujja da su ba su da ɗinkin sarƙa. Mafi yawansu ƙunshi ɗaya ne: an jera takardu, an ninke su biyu gaba ɗaya, an soka igiyar fata a tsakiya an ɗaure da bango.

Wannan dabara tana da iyaka. Idan takardun suka yi yawa, na ciki sukan zarce na waje, dole a datse su, sai shafukan tsakiya su tsuke, littafin kuma ya ƙi rufuwa. Mafita ita ce a kasa takardun zuwa ƙananan ƙunsa, a nemi hanyar haɗa su. Nan ne ɗinkin sarƙa ya shigo. Maɗinki yakan huda kowane ƙunshi a kan ninkinsa. Zare ya bi ta ciki, ya fito ta huda, ya sauka ya saƙalo ɗinkin ƙunshin da ke ƙasa, sa'annan ya koma inda ya fito. Haka za a yi ta yi har ƙunshi na ƙarshe, kowane yana rataye da na bayansa, ba da manne ba, ba kuma da wata igiyar da ake ɗora ɗinkin a kanta ba. Shi ya sa littafin yake buɗewa ya kwanta shimfiɗe. Raunin ɗinkin ma daga nan yake, domin zaren kaɗai ke ɗauke da nauyi, in ya tsinke a wuri ɗaya sarƙar na iya kwancewa.

Daga littattafan wancan zamani masu bangon katako akwai Zaburar da aka tono a 1984 a maƙabartar Mudil, a yankin Bani Suwaif, ƙarƙashin kan wata yarinya da aka binne da ita. Tana gidan tarihin Kibɗawa a Alƙahira, tare da littattafan Naga Hammadi. Akwai kuma tarin Hamuli da aka gano a 1910 a kangon wani gidan sufaye a Fayyum, na ƙarni na 9 da na 10, waɗanda attajirin Amurka Pierpont Morgan ya saya a 1911. An kai su ɗakin karatu na Batikan domin gyara, a can aka raba bangaye da littattafansu. A ganina wannan asara ce babba, ko da niyyar ta alheri ce: masu gyara sun ɗauki rubutu a matsayin dukiya, ɗinki kuwa tamkar buhun da aka zubo ta. Wani abin da waɗannan shaidu suka nuna shi ne, Kibɗawa sun saba lulluɓe gadon bayan littafi da fata. Sarƙar ba ado ba ce a wurinsu, ɓoye ta suke yi.

To, ina aka samo buɗaɗɗen baya? Amsa mafi kusa tana Habasha. Cocin ƙasar ya kasance ƙarƙashin shugabancin Iskandariyya tun ƙarni na 4 har zuwa 1959, kuma sana'ar littafi ta bi wannan dangantaka. Har yau akwai marubutan Habasha da ke rubutu a kan fatar akuya, su huda katako biyu ta gefe, su yi ɗinki da allurai bibbiyu, sau da yawa su bar katakon tsirara, sarƙar zare a fili. Abin da ake koyarwa a azuzuwan sana'ar hannu na Turai da Amurka da sunan Kibɗawa ya fi kama da wannan.

Dabarar ta kai har arewacin Ingila. Ƙaramar Linjilar Yohanna da aka samu a akwatin gawar Waliyyi Cuthbert a 1104, wadda aka rubuta a farkon ƙarni na 8, da irin wannan ɗinki aka haɗa ta. Ita ce littafin Turai mafi tsufa da ya iso mu da bangonsa na asali, kuma ɗakin karatu na Birtaniya ya saye ta fam miliyan 9 a 2012. Ba da daɗewa ba bayan zamaninta Turawan yamma suka koma ɗinki a kan igiyoyi, wanda ya fi jure nauyin manyan littattafai.

Maɗinkan ƙasashen Larabawa sun ci gaba da ɗinkin sarƙa, suka ƙara wa bango harshen da ke lulluɓe bakin littafi. Malamanmu na ƙasar Hausa da Barno kuwa wata hanya suka bi dabam. Alƙur'anin da aka rubuta da hannu a Kano ko Damagaram warƙoƙi ne a sake, ba ɗinki, ana sa su cikin tadarishi a ɗaure da igiyar fata, a zura a gafaka. Kalmar da marubuci ke ajiyewa a ƙasan shafi, wadda za ta buɗe warƙa ta gaba, ita ke riƙe jerin da zare ke riƙewa a Masar da Habasha.