Maitatsine: Sunan da Ya Fito daga Bakin Mai Shi

Maitatsine ba sunan yanka ba ne. Muhammadu Marwa ne sunansa, mutumin Marwa a arewacin Kamaru, wanda Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya kore shi daga Kano a 1962, ya sake dawowa.

Laƙabin daga tsinuwa ya samo asali. Bahaushe "Allah ya tsine" yake cewa, amma Marwa, da ba a nono ya sha Hausa ba, sai ya riƙa cewa "Allah ta tsine" ga mai ɗaura agogo, mai sauraron rediyo, mai hawan keke. Kanawa, da ba sa barin irin wannan ta wuce, suka haɗe "ta" da "tsine", suka liƙa "mai" a gaba. Almajiransa kuwa suka zama 'Yan Tatsine. Wato da kuskuren harshensa aka yi masa suna.

Dariyar ba ta daɗe ba. Yawancin mabiyansa gardawa ne da 'yan ci-rani, irin samarin da ke barin gona bayan kaka su nufi birni. A unguwar 'Yan Awaki ya tara su, ya ƙwace gidajen maƙwabta. A Disambar 1980 rikici ya ɓarke, sai da soja suka shigo. Kwamitin Mai Shari'a Aniagolu da ya binciki rikicin ya ƙirga mutum 4,177 da suka mutu, Marwa ma a ciki.

Dattijo in ya ce "shekarar Maitatsine", lissafin shekaru yake yi, kamar yadda ake cewa shekarar fari.