Mataccen Batir da Lafiyar Yara: Nazarin Sharar Kayan Lantarki a Magaria da Dungass

Tsakure

Wannan maƙala ta duba haɗarin da sharar kayan lantarki ke da shi ga gundumomin Magaria da Dungass a jihar Damagaram. Ta dogara ne da rahotannin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da abin da ya faru a Senegal, Ghana da Najeriya. Matsayarta ita ce, a wannan yanki mataccen batir ne babbar barazana, kuma hanya mafi sauƙi ta rage cutarwarsa ita ce a tattara shi tun ba a fasa ba, ta hannun 'yan kasuwar da suka riga suka san harkar.

Gabatarwa

Rahoton da hukumomin UNITAR da ITU suka fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki, kuma kashi 22.3 cikin ɗari kacal aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. A nahiyar Afirka abin bai kai kashi 1 ba. Da an ambaci wannan matsala, hankali kan tafi unguwar Agbogbloshie ta birnin Akra, inda aka daɗe ana ƙona wayoyi don a ciro tagulla har aka rushe wurin a 2021, ko kuma tashar jiragen ruwan Legas, inda wani bincike ya gano cewa a 2015 da 2016 kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa duk shekara, aƙalla kashi 19 cikin ɗari kuwa matattu ne tun daga can.

Magaria da Dungass ba su da irin wannan tarin. Tasu sharar warwatse take, gida-gida da kasuwa-kasuwa, shi ya sa ido bai cika kai wa gare ta ba.

Inda sharar ke fitowa

A ƙidayar 2012 gundumomin biyu na da mutane sama da 900,000, galibi manoma da makiyaya. Dungass a 2011 aka cire ta daga Magaria. Dukkansu suna kan iyaka da Najeriya, kuma kaya na shigowa ta Tinkim da kasuwar Maigatari daga Kano: tocila, rediyo, salula, fanka mai caji, faifan sola da batir.

Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun wutar lantarki a Nijar, a karkara kuwa adadin ya yi ƙasa da haka nesa. Da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar a watan Agustan 2023, aka shafe watanni kafin a maido da ita a Maris na 2024, har mutanen birni sai da suka koma ga sola da janareta. Sola alheri ce, babu musu. Ita ke riƙe da shagon caji da firjin mai sayar da ruwan sanyi. Sai dai kusan kowane faifan gida yana tafe da batirin dalma, wanda zafin Afrilu da Mayu ke rage wa kwana, cikin shekara biyu ko uku ya mutu. A haɗa da na motoci da babura, sannan ƙananan batiran tocila da ake jefarwa a juji.

Yadda gubar ke shiga jiki

Fiye da rabin nauyin batirin mota ko na sola dalma ce, shi ya sa yake da kuɗi a hannun 'yan gwangwan. Haɗarin yana farawa ne sa'ad da aka tsiyaye ruwan batir a ƙasa don a rage nauyi, ko aka sa gatari aka fasa kwandon. Ƙurar da ke tashi ba ta ruɓewa. Tana zama cikin turɓayar tsakar gida shekara da shekaru, inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira mara illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsewa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage kaifin fahimta, ta jawo ƙarancin jini, in ta yi yawa ta kai ga jijjiga da mutuwa. A Thiaroye-sur-Mer, wajen birnin Dakar, yara 18 ne suka rasu tsakanin 2007 da 2008, bayan da mazauna unguwar suka riƙa tankaɗe ƙasar wurin fasa batir a cikin gidajensu don su sayar da dalmar. Ƙasar Hausa ma ta ga nata: a Zamfara, a 2010, gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400.

A nan ne lamarin Magaria ya fi tayar da hankali. Tun 2005 ƙungiyar likitocin MSF ke aiki a garin, kuma duk damina sashen yara na asibitin kan cika da masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro. Yaron da jikinsa ya rasa sinadarin ƙarfe da na ƙarfafa ƙashi ya fi kowa tsotsar dalma. Alamominta kuma, wato kasala, amai, ƙarancin jini da jijjiga, sun yi kama da na maleriya, don haka guba na iya ɓuya a bayan cutar da kowa ya saba gani. A Zamfara ma da farko wasu cututtukan aka zata.

Ƙasa da ruwa su ma ba su tsira ba. A kwarin Korama, inda ake noman rake da kayan lambu, ruwa kusa yake, ƙasar kuma rairayi ce mai saurin tsotsewa. Al'adar kwashe juji a kai gona a matsayin taki tana da amfani, amma tana tafiya da fasassun batiran tocila zuwa inda ake shuka abinci.

Doka da abin yi

Nijar ta shiga Yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991, wadda ta haramta shigo da shara mai guba Afirka, tana kuma da dokar kula da muhalli mai lamba 98-56 ta 1998. Waɗannan sun fi ƙarfi ne a kan abin da ke ƙetare iyaka da sunan shara. Batirin da ya shigo sabo ya mutu a Wacha ko Dogo-Dogo yana buƙatar tsari na cikin gida.

Korar 'yan gwangwan ba za ta haifar da ɗa mai ido ba, domin su kaɗai ne ke bin ƙauyuka suna kwashe wannan kaya. Abin da ya fi dacewa shi ne a sauya farashi: batirin da aka kawo a rufe, da ruwansa, ya fi fasasshe tsada. Mai sayar da sabo ya rage wa wanda ya dawo da tsoho kuɗi, kamar yadda aka saba da kwalbar lemo. Kowace ƙaramar hukuma ta ware rumfa mai daɓen siminti da rufi a kasuwar mako, nesa da rijiya da masu sayar da abinci. Najeriya ta ɗora wa masu shigo da kayan lantarki nauyin kuɗin tattara su ta hannun ƙungiyar EPRON da aka kafa a 2018. Nijar na iya ɗaukar wannan dabara, ta sa sharaɗin karɓar mataccen batir cikin duk kwangilar sola da gwamnati ko ƙungiyoyin agaji ke bayarwa. Dole kuma a tantance masana'antar da za a kai wa kayan, don kada a kwashe guba daga Dungass a juye wa 'ya'yan wasu.

Akwai na'urar hannu da ke auna dalma da ɗigon jinin yatsa cikin 'yan mintoci, irin wadda aka yi amfani da ita a Zamfara. Wannan nazari yana kira ga hukumomin lafiya na jihar da Jami'ar André Salifou ta Damagaram da su auna jinin yaran da ke zaune kusa da wuraren tara ƙarafa a Magaria da Dungass, su auna ƙasar wuraren da ruwan rijiyoyinsu, su kuma sanar da iyaye sakamakon da Hausa.