Geto Boys da Ciwon da Aka Saka a Faifai

Tun ƙarshen shekarun 1980 masu sauraron rap a Amurka suke auna mawaƙi da tambaya guda: abin da yake rerawa, ganau ne shi ko jiyau? Ƙungiyar N.W.A ta Compton ta yi suna da waƙoƙin bindiga da arangama da 'yan sanda, har hukumar FBI ta aika wa kamfaninsu wasiƙar ƙorafi a 1989. A wancan zamani, mawaƙin gaskiya shi ne mai taurin zuciya. Tsoro abin ɓoyewa ne.

Daga birnin Houston na jihar Texas aka fara sauya wannan. Geto Boys, 'yan kamfanin Rap-A-Lot, ba su da sunan masu tausayi. A 1990 kamfanin Geffen ya ƙi rarraba faifansu saboda munin kisan da ke cikinsa. Amma a 1991 suka fitar da "Mind Playing Tricks on Me", waƙar ɗan daba da barci ya ƙaurace masa, yana leƙen taga, yana ganin maƙiyan da babu su, yana tunanin kashe kansa. Scarface, ɗan ƙungiyar da ya rubuta mafi yawanta, ba ƙirƙira ya yi ba. Tun yana matashi ya yi yunƙurin halaka kansa, an kuma kwantar da shi a sashen masu taɓin hankali, kamar yadda ya bayyana a littafin rayuwarsa na 2015. Abin lura, baitin da abokin ƙungiyarsa Bushwick Bill ya rera ma Scarface ne ya rubuta masa, kuma hakan bai rage wa waƙar nauyi ba.

Bangon faifan da waƙar take ciki, We Can't Be Stopped, shi ne ya wuce gona da iri. A shekarar 1991 ce harsashi ya sami Bill a ido yayin rikici da budurwarsa, yana cikin maye. Aka ɗauki hotonsa a asibiti, an janye bandejin, idon a kumbure, abokan ƙungiyarsa Willie D da Scarface suna tura gadonsa, aka buga hoton a bango. Faifan ya sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya. Daga baya Bill ya ce ya yi nadamar hoton. A ganina, waƙar ta faɗi ciwo da bakin mai shi, hoton kuwa talla aka yi da mutumin da a ranar ba shi da ƙarfin cewa a'a.

Wasu sun bi sawu. Notorious B.I.G. ya rufe faifansa na 1994 da waƙar kashe kai. A 2016 Kid Cudi ya sanar a Facebook cewa ya tafi jinya saboda ciwon damuwa, jama'a suka jinjina masa. Kendrick Lamar ya gina faifansa na 2022 a kan zaman ganin likitan ƙwaƙwalwa da raunin da ake gadonsa a iyali.

Masu gabatar da ƙara su ma sun ɗauki mawaƙan a ganau. A 2022 jihar Georgia ta kafa hujja da kalmomin waƙoƙin Young Thug cikin tuhumar da ta yi masa. A shekarar 2022 ɗin kuma California ta zartar da dokar da ta taƙaita amfani da baitocin waƙa a matsayin shaida a kotu.