Maraya a Gaban Kyamara: Tarihin Fina-finan Agajin Turawa a Afirka

A shekarar 1969 ƙungiyar Save the Children ta Birtaniya ta cika shekara 50 da kafuwa, sai ta nemi a shirya mata fim ɗin gaskiya, wato irin wanda ake ɗaukar mutane a halin rayuwarsu ba tare da 'yan wasa ba, domin ya nuna wa jama'a ayyukanta. Aka ba Ken Loach aikin, matashin darakta da ya yi suna da fim ɗin Cathy Come Home na 1966. Loach ya ɗauki wani sashe a Ingila, sannan ya wuce Kenya, inda ya shiga makarantar Starehe da ke Nairobi, wadda aka kafa a 1959 domin yara mazan da rikicin Mau Mau ya raba da gidajensu. Abin da ya dawo da shi bai yi wa masu aikin daɗi ba. Fim ɗin ya nuna yara cikin kayan makaranta suna fareti, ana tarbiyyarsu a kan al'adun Ingila, an hana su magana da harsunan iyayensu, kuma ya ba wasu 'yan Kenya damar cewa agajin ci gaban mulkin mallaka ne da sabuwar riga. Ƙungiyar ta bi ta hanyar lauyoyi ta hana nuna shi. Aka ajiye shi a rumbun fina-finai na ƙasa, kuma jama'a ba su gan shi ba sai a 2011, bayan fiye da shekara 40.

Wannan rikici ya taɓo tambayar da ke bin irin waɗannan fina-finai tun farkonsu: wa fim ɗin yake yi wa aiki, yaron da ke cikin hoto ko mai kallon da ake so ya zura hannu a aljihu? Amsar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, kuma tarihinta ya girmi talabijin.

Asalin abin yana komawa ga fitilar da ake haska hotuna da ita a jikin bango, wadda daga sunanta na Ingilishi Hausa ta samo kalmar majigi. A 1904 wata 'yar mishan Baturiya, Alice Seeley Harris, ta ɗauki hoton wani mutum mai suna Nsala a ƙasar Kwango, yana zaune yana duban hannu da ƙafar 'yarsa ƙarama da masu tilasta tattara roba suka yanke. Ita da mijinta suka zagaya majami'u da zaurukan taro na Birtaniya da Amurka suna haska irin waɗannan hotuna, kuma matsin lambar da ta biyo baya ta taimaka wajen raba Sarki Leopold na Biyu da mallakar Kwango a 1908. Abin lura a hoton Nsala shi ne uba ne a tsakiyarsa, yana da suna, kuma an faɗi wanda ya cuce shi.

Sauyin ya zo ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Eglantyne Jebb da 'yar'uwarta Dorothy Buxton sun kafa Save the Children a 1919 domin ciyar da yaran ƙasashen da Birtaniya ta gama yaƙa. A 1921 ƙungiyar ta aika mai ɗaukar hoto zuwa yankin kogin Volga na Rasha, inda yunwa ke kashe mutane, ta kuma yi amfani da fim ɗin wajen neman gudummawa. Mutanen Ingila ba su da niyyar ciyar da Bajamushe ko ɗan gurguzu, amma yaro ƙarami ba shi da jam'iyya, ba shi da laifin yaƙi. Masu neman taimako suka gane cewa idan aka nuna yaro shi kaɗai, tausayi yakan zo ba tare da gardamar siyasa ba. Iyaye kuwa suna zuwa da ƙasa da addini da ra'ayi, don haka sannu a hankali aka riƙa ture su gefen hoto. Yaron da ba a ga uwarsa ko ubansa ba, mai kallo yakan ɗauke shi maraya ko da ba a faɗa masa haka ba.

Nijeriya ce wurin da wannan salo ya haɗu da talabijin. A watan Yunin 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, tashar ITV ta Birtaniya ta nuna yaran yankin Biyafara da tamowa ta kumbura wa ciki, kuma a watan Yuli mujallar Life ta Amurka ta sa irinsu a bangonta. Yunwar gaskiya ce, kuma ta kashe ɗimbin yara sakamakon toshe hanyoyin shigar da abinci. Amma hotunan sun zama makami su ma: gwamnatin Ojukwu ta ɗauki wani kamfanin hulɗa da jama'a a Janiba, Markpress, domin yaɗa labarinta a Turai. Majami'u suka haɗa jiragen agaji masu tashi da dare daga tsibirin Sao Tome zuwa filin Uli. A lokacin ne aka kafa ƙungiyar Concern a Ailan, kuma wasu likitocin Faransa da suka yi aiki a can suna cikin waɗanda suka kafa Médecins Sans Frontières a 1971. Har yau masana tarihi suna jayayya a kan ko agajin ya tsawaita yaƙin. Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika tunawa da shi ba: an kwashe dubban yara a jiragen sama zuwa Gabon da Kwaddibuwa da Sao Tome, jaridun Turai suna kiransu marayu, amma da aka gama yaƙin a 1970 aka dawo da su, an tarar da yawa daga cikinsu suna da iyaye ko dangi a raye.

Habasha ta nuna ƙarfin wannan kayan aiki har sau biyu. A 1973 Jonathan Dimbleby ya shirya The Unknown Famine a kan yunwar lardin Wollo. A watan Satumban 1974, a daren jajiberin tuɓe Sarki Haile Selassie, sojoji suka nuna fim ɗin a talabijin ɗin ƙasar, an gauraya shi da hotunan shagulgulan fada. Bayan shekara goma, a watan Oktoban 1984, rahoton Michael Buerk na BBC daga Korem, wanda Mohamed Amin ɗan Kenya ya ɗauki hotunansa, ya haifar da Band Aid da kuma bikin Live Aid na 13 ga Yulin 1985. An tara kuɗi masu yawa, an ceci rayuka. Sai dai yawancin masu kallo sun fahimci abin a matsayin masifar fari kawai, alhali yaƙin gwamnatin Derg da 'yan tawayen Tigray da Eritiriya yana daga cikin manyan dalilansa.

Da cutar ƙanjamau ta mamaye gabashi da kudancin Afirka, kalmar maraya ta koma take a kan fina-finai da alƙaluma. A nan akwai wani saɓanin ma'ana mai muhimmanci. A lissafin UNICEF, maraya shi ne yaron da bai kai shekara 18 ba wanda ya rasa uwa ko uba ko dukansu. A kan wannan ma'auni hukumar ta ƙiyasta marayu kusan miliyan 140 a duniya a 2015, miliyan 52 daga ciki a Afirka, amma waɗanda suka rasa iyaye biyu a duk duniya kimanin miliyan 15 ne. Ga Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne, tunda a fiƙihu maraya shi ne wanda mahaifinsa ya rasu kafin ya balaga, kuma mahaifiyarsa tana iya kasancewa a raye. Ga Ba'amurke ko Bature kuwa, kalmar tana nufin yaron da ba shi da kowa. Ya ji miliyoyi, sai ya ga miliyoyin yara a titi suna jiran gado da mai ɗauka.

Gidan marayu ya dace da kyamara ƙwarai. Yana da gini da allon suna, yana da gadajen da za a ƙirga, yana da yara a wuri ɗaya da za su yi waƙar maraba. Riƙo kuwa, wato kaka ko goggo ko kawu su ɗauki ɗan mamaci su haɗa da nasu, wanda shi ne yake ɗauke da mafi yawan marayun nahiyar, ba shi da wurin da za a kafa kyamara, ba shi kuma da gurbin baƙon da zai zo ceto. Kuɗi suka bi abin da ido ya gani. A 2009 Save the Children da kanta ta fitar da rahoton da ya ce aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye, kuma talauci ne ya fi kai su can. Fim ɗin I Am Because We Are na 2008, wanda mawaƙiya Madonna ta shirya a kan marayun Malawi, ya fito ne bayan ce-ce-ku-ce a kan yaron da ta ɗauka daga wani gidan marayu a 2006, wanda mahaifinsa yake raye.

Inda wannan tunani ya kai maƙura shi ne Chadi. A watan Oktoban 2007 jami'an tsaro suka tare 'yan wata ƙungiyar Faransa, L'Arche de Zoé, a garin Abeche, suna shirin fita da yara 103 a jirgin sama. Ƙungiyar ta gaya wa iyalai a Faransa cewa marayun Darfur ne. Binciken hukumomin agaji ya nuna yawancinsu daga ƙauyukan Chadi na kan iyaka suke, kuma suna zaune da iyaye ko dangi, waɗanda aka yi wa alkawarin karatu da kulawa ga 'ya'yansu. Wani ɗan jarida da ke tare da ayarin ya ɗauki hoton yadda aka naɗa wa lafiyayyun yara bandeji domin su yi kama da majinyata. Kyamarar da ta zo shaida ceto ita ta zama shaidar yaudara. Kotu a Injamena ta yanke wa mutum shida ɗaurin shekara takwas da aiki mai tsanani, aka mayar da su Faransa, sannan Shugaba Idriss Déby ya yi musu afuwa a watan Maris na 2008.

Daga nan aka fara samun fina-finan da suka juya kyamara zuwa ga masu agajin. A 2012 Katrine Kjær ta Denmak ta fitar da Mercy Mercy, bayan ta shafe shekaru tana bin wasu yara biyu 'yan Habasha. Iyayensu suna ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, an gaya musu ajalinsu ya kusa, sai suka ba da yaran ga wasu ma'aurata 'yan Denmak. Magani ya riƙe iyayen, ba su mutu ba, suna ta jiran labarin 'ya'yansu, yayin da babbar yarinyar ta kasa zama da sabon iyalin har aka kai ta gidan renon yara a Denmak. Fim ɗin ya tayar da muhawara mai zafi a ƙasar. A farkon 2018 majalisar Habasha ta haramta wa baƙi ɗaukar yaran ƙasar.

A wannan shekara ta 2012 masu kallo na Afirka ma suka fara mayar da martani a fili. Kony 2012 na ƙungiyar Invisible Children ya samu kallo miliyan 100 a intanet cikin kwana shida, amma da aka haska shi a garin Lira na arewacin Yuganda, mutanen da yaƙin ya shafa suka fusata har aka yi jifa, domin sun ga labarinsu ya koma labarin wani Ba'amurke da ɗansa. Ɗaliban Norway suka ƙirƙiro Radi-Aid, suna ba'a da tallan agaji, daga baya suna ba da lambar rashin yabo ga mafi muninsu. A 2020 Comic Relief ta Birtaniya ta sanar da cewa ta daina tura taurari Afirka, za ta riƙa ba masu shirya fim na ƙasashen aikin.

Manufofi ma sun motsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kula da yaran da ba sa tare da iyayensu a 2009, inda ta fifita riƙo a cikin dangi a kan gidan marayu, kuma Ruwanda ta fara rufe nata gidajen a 2012 tana mayar da yara cikin iyalai. Sai dai kyamarar ta sauka daga kafaɗar ma'aikacin talabijin ta shiga aljihun kowa. Bidiyon mai ziyara da ke rungume da yaro a gidan marayu, ko na mai rabon abinci da ke nuna fuskokin mabuƙata, yana yawo a Facebook da TikTok, kuma a yau mai ɗaukar yakan kasance ɗan ƙasa ne, a Kampala ko Legas ko Kano. Tambayoyin da suka dace a yi masa su ne waɗanda aka yi jinkirin yi wa Turawa: wa ya ba da izinin nuna yaron, ina danginsa suke, me ya raba shi da gida, kuma kuɗin da hotonsa ya tara gida za su mayar da shi ko za su ƙara gadaje a inda yake?